Neman Ƙarshen Dogo a Bakin Teku

Mahaifina ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aikin reluwe a nan Kaduna, kuma a faɗarsa babu sunan wurin da ya rubuta da alli a jikin tarago kamar Apapa, tashar jiragen ruwan Ikko. Gyaɗa, auduga, ƙirgi, duk abin da ya gangaro daga Kano da Gusau da Zariya, a gabansa ake haɗa taragun a sallame su kudu. Amma shi kansa bai taɓa wuce Jebba ba. Shi ya sa ranar da na durƙusa na gaya masa Kawu ya ce in raka shi Ikko fito da kwantenarsa, bai ce in yi masa tsarabar komai ba. Cewa ya yi, "In ka je, ka dubo mini inda dogon nan ya ƙare." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda har hotonsa zan kawo muku."

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Shekara tara ina zana wa yara teku a allo da shuɗin alli, alhali ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne Kogin Kaduna in ya yi ambaliya a watan Agusta. Kawu kuwa, ƙanin mahaifiyata, tayil yake sayarwa, kuma ba don ƙaunar iliminna ya ɗauke ni ba. Yaron da ya saba karanta masa takardu ne ya tafi bautar ƙasa.

Abin dariyar shi ne shagon Kawu bai da nisa da tashar tsandauri ta Kakuri, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2018. Lokacin da aka buɗe ta, 'yan majalisarmu ta hira sun yi ta tsokana, wai tashar jirgin ruwa ce amma ko kwaɗo ba zai sami wurin wanka ba. Manufarta dai ita ce kwantena ta sauka daga jirgi a Ikko, a ɗoro ta a rufe har Kaduna, a nan a buɗe ta a biya kuɗin fito. Na tambayi Kawu me ya hana shi bi ta nan. Ya ce wanda ya yi masa lodi a Sin Apapa ya rubuta a takarda, kuma abin da aka rubuta tun can shi ke aiki. Muka hau mota da yamma, muka bi ta Abuja da Lakwaja, gari ya waye mana bayan Ibadan. Ban da ciwon baya babu abin da zan ce game da hanyar.

Apapa ba ta yi kama da abin da na daɗe ina hasashe ba. Na zaci zan tsaya in ga ruwa ya miƙe, jirage na shawagi. Ina! Katanga ce doguwa, da layin tireloli da tankoki, da hayaƙi, da 'yan acaɓa suna kurɗawa. Ba a shiga ciki sai da takardar izini, ni kuwa ba ni da ita. Abin da ake hangowa ta saman katanga shi ne kawunan injinan ɗaga kaya, manya-manya kamar raƙuman dawa na ƙarfe, suna cafko kwantena daga cikin jirgi suna direwa. Wakilin da ke yi wa Kawu takardu ya ce mu ba shi kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka haifi tara, kuma kowace safiya akwai kuɗin kwana da ke ƙaruwa a kan kaya. Kawu ya rame a tsaye. Ni kuma, Allah ya yafe mini, jinkirin nan shi ya ba ni damar yawo.

Malamina na farko a can wani mai shayi ne, mutumin Soba, da ya shekara ashirin yana kafa teburinsa a inda direbobinmu ke kwana. Shi ya riƙa nuna mini da cokali: waɗancan dogayen rumbunan siminti na kamfanin Flour Mills ne, alkama ake zuƙowa daga cikin jirgi kai tsaye a zuba musu. Can kuma matatar sukarin Dangote ce. Ya ɗaga burodin da yake yanka mini ya ce, "Malam, wannan da sukarin da ke kofinka, duk ta bayan katangar nan suka shigo." Kowane irin kaya da irin matsayarsa: ta kwantena daban, ta hatsi daban, ta man fetur daban, can nesa da jama'a saboda gobara. A 1921 aka fara gina matsayai huɗu na farko masu zurfi a Apapa, kuma dalilin zaɓen wurin bai wuce dogo ba. Apapa tana ɓangaren tudu, jirgin ƙasa zai iya kai tarago har gefen jirgin ruwa ba tare da ya tsallaka zuwa tsibirin Ikko ba. Tashar Tin Can da ke maƙwabtaka da ita kuwa wahala ce ta haife ta. A 1975 aka yi odar siminti fiye da kima, jirage sama da 400 suka yi cincirindo a bakin ruwa suna jiran layi, wasu wata da watanni, har siminti ya daskare a cikin wasunsu. Aka gina Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe ta a 1977.

Ranar Asabar na lallaɓi Kawu muka tafi Tarkwa Bay, don a nan ne ake ganin bakin da jirage ke shigowa. Babu hanyar mota, sai jirgin ruwa mai inji daga Marina. Aka ɗaura mana rigar ruwa mai ruwan lemo, ta Kawu ta ƙi rufuwa a kan babbar rigarsa. Da yaron ya ba injin wuta, gaban jirgin ya ɗaga sama, cikina ya ɗuri ruwa. Kawu ya damƙe gwiwata da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hularsa, bakinsa bai daina Hasbunallahu ba har muka isa. A tsakiyar hanya wani jirgin dakon kaya ya gifta mu. Na ɗaga kai ina neman ƙarshensa sai da wuyana ya ƙage. Wasu ƙananan jirage biyu masu ƙarfin tsiya suna biye da shi, ɗaya na ja ɗaya na tokare, domin ƙato irin wannan ba ya iya juya kansa a wuri matsattse. Wani fasinja da ke aiki a tashar ya gaya mini ko matuƙin da ya kawo shi tun daga Sin ba shi ke shigo da shi ba. Akwai ɗan gari masanin hanyar da ake kai wa a ƙaramin jirgi, ya hau tsanin igiya, ya tsaya kusa da matuƙin yana ba da umarni. Ja da koren tulunan ƙarfe da ke yawo a kan ruwa kuwa su ne gefen titi. Wanda ya fita daga tsakaninsu ya hau yashi.

Ginin da ya fi burge ni a duk tafiyar nan ba shi da ƙofa ba shi da rufi, kuma in ba a gaya maka ba za ka ce tarin duwatsu ne kawai. Wasu dogayen shingaye ne na baƙin dutse da suka miƙe cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, suka sa bakin ruwan a tsakiya. Kafin a yi su, yashi ne ke toshe mashigar Ikko. Manyan jirage sai dai su tsaya can waje, a riƙa jido kaya da mutane a ƙanana, kuma raƙuman ruwan wurin sun ci rayuka ba kaɗan ba. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara jido dutse daga wajen Abekuta a jirgin ƙasa suna zubawa. Hikimar ita ce in ka matse wa ruwa hanya, sai ya yi gudu, ya share yashin da kansa, kamar yadda muke matse bakin tiyo in muna wanke tsakar gida. Ga kuma jiragen yasa suna taimakawa. A Fabrairun 1914, wata guda bayan an haɗe Arewa da Kudu, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har ciki. Na zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan, duk ya yi gansakuka, ƙananan ƙaguwa suna ɓuya a tsaguninsa, ina tunanin ashe da ba don shi ba, da allin Baba bai sami abin rubutawa ba.

Sai dai ruwa ba ya yafe bashi. A gaɓar nan yashi daga yamma yake tafiya zuwa gabas, igiyar ruwa na tura shi kaɗan-kaɗan. Da shingen yamma ya tare shi, sai ya taru a can, gaɓar ta yi ta faɗi. Ɓangaren gabas kuma, wato Bar Beach ta Victoria Island, ya daina samun rabonsa, teku ta yi ta cin ƙasa shekara da shekaru har ta riƙa hawowa titi. Maganin da aka yi daga baya shi ne wata katangar, wadda ta kare sabon garin Eko Atlantic da aka cike teku aka kafa, an jera mata curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Wannan darasin na sha koyar da shi daga littafi, yara suna hamma. Da a ce zan iya kwaso 'yan ajina in tsayar da su a kan dutsen nan, su dubi dama su dubi hagu, minti biyar ya isa.

Daga nan muka taka a yashi zuwa hasumiyar fitila, wadda ke tsaye tun ƙarshen ƙarni na 19. Siffarta kamar hasumiyar masallaci ce da aka raba ta da masallacinta, iskar gishiri ta cinye mata fenti. Kowace irin wannan hasumiya tana da salon ƙyaftawarta, yadda matuƙi cikin dare zai ƙirga ya san ko gaban wane gari yake. Yanzu na'ura ta karɓe yawancin aikin. Kawu bai ko ɗaga kai ya dube ta ba, hankalinsa na kan azahar. Ya ce ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwan teku mai tsarki ne, don haka ya naɗe hannun riga ya tsuguna a inda kumfa ke ƙarewa. Ya wanke hannu lafiya lau. Da ya kai ruwan baki sai ya furzar, ya yamutsa fuska, ya ce, "Tsarki dai akwai, amma wannan ai kanwa ce!" Kafin ya gama wanke ƙafa wata igiya ta zo ta tafi da takalminsa ɗaya. Da silifas ɗin aro ya koma masauki. Can gefe ana hango tankokin Atlas Cove, inda jiragen mai ke sauke fetur. Sai na tuna ita ma matatarmu ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, ɗanyen manta ta bututu aka tsara ya riƙa zuwa tun daga Escravos a gaɓar Delta.

Badagry muka je ranar Lahadi, can kusa da iyakar Seme. Na tafi da zuciyar ɗan kallo, ina ganin tarihin wasu zan je gani. An fara kai mu wani farin gida mai matakalar katako da 'yan mishan suka kammala a 1845, inda limamin cocin nan Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, ya zauna. Mai yi mana jagora ya ce shi ne bene na farko a Najeriya. Kawu ya ce bai yarda ba. Ya tambaye shi ko ya taɓa jin Gobarau ta Katsina, ko sorayen Kano da aka yi ta hawa tun kafin Bature ya san hanyar nan. Yaron ya yi dariya ya ce shi dai haka aka rubuta a allo. A ganina Kawu ya fi shi gaskiya, a ce na farko a ginin Turawa sai a zauna lafiya. Akwai kuma tsohon ofishin Di'o na 1863 da aka mayar gidan tarihi. A garin nan ne wani Bature mai yawon bincike, Clapperton, ya sauka a ƙarshen 1825 ya kama hanyar Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bi ta Zariya da Kano, kuma a can Sakkwaton ajali ya same shi a 1827.

Raha ta ƙare ne a gidan Seriki Williams Abass. Sunan kansa ya isa ya tsayar da Bahaushe, domin Seriki dai Sarki ne a bakin Yarbawa. An kama shi bawa yana yaro, ya zauna a hannun wani mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani Williams da ya kai shi Birazil, ya dawo ya zama dillalin bayi shi ma, daga baya ya zama babba a cikin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Gidan yana da ɗakuna 40 na tsare mutane, an gina su wajen shekarun 1840. Jikokinsa na zaune a yawancinsu, ga shanya, ga yara na wasa, an bar biyu don masu ziyara. Na shiga ɗaya. Bai fi ɗakin ajiyar gawayin gidanmu ba, da wata 'yar kafa can sama wadda ko kai ba zai shiga ba. Mai jagora ya ce mutum 40 ake zubawa a ciki, ya ja ƙofar ya rufe mu, mu shida kacal. Ban kai ƙirga ashirin ba na ce ya buɗe. Ya miƙo mini wata sarƙar wuya in ɗaga, na kama da hannu biyu, tsatsarta ta bar mini ja a tafin hannu.

Irin waɗannan ɗakuna suna da dalilinsu. A Gana akwai manyan ganuwoyin dutse irin Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da igwa da kurkuku a ƙasa. Badagry ba ta da irin wannan. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807 ta kuma baza jiragen yaƙi suna sintiri, sai masu fataucin suka koma tara mutane a ɓoye a bakin gaɓa, jirgi ya zo a yi masa lodi cikin sa'o'i ya gudu. Birazil ba ta rufe ƙofarta ba sai 1850.

Su wa ake zubawa a ɗakunan? A nan ne na sha jinin jikina. A shekarun yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, da yawa daga cikin waɗanda aka fitar ta Ikko da Badagry da Wida ta ƙasar Benin, daga Arewa aka gangaro da su, ana sayarwa hannu zuwa hannu. Hausawa sun yi yawa a Bahiya ta Birazil har suka shirya tawaye a 1807, suka sake a 1809. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tashi a birnin Salbado, yawancinsu Yarbawa amma da Hausawa a ciki, kuma an tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ko a Ikkon kanta, rundunar da Baturen mulki Glover ya kafa a 1863, wadda ake danganta asalin sojan Najeriya da ita, da Hausawan da suka tsere daga bauta ya fara ta. Mu a gida in ana maganar cinikin bayi na teku sai mu ɗauka labarin mutanen Kurmi ne. Alhali cikin masu kamawa da cikin waɗanda aka kama, duk akwai masu sallama irin tamu.

Aka tsallaka da mu a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka bi wata hanyar yashi a ƙasa. A tsakiya akwai wata rijiya da aka ce ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ko akwai magani a ciki ko babu, Allah masani, amma babu wanda ya yi sha'awar leƙawa sosai a cikinmu. Tafiyar ta kai minti ashirin, rana na dukan ƙeya, kafin bishiyoyin kwakwa su buɗe teku ta bayyana. Babu matsaya, babu dutse, babu komai sai yashi da ruri. Daga nan ake zuba mutane a kwalekwale a kai su jirgin da ke jira can ciki. Kawu, wanda tun safe bakinsa bai huta ba, ya cire hula ya riƙe, ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, "Ɗan nan, mu yi musu Fatiha. Wa ya sani ko da namu a ciki." Muka ɗaga hannu, wasu 'yan makaranta da suka zo yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto a bayanmu.

Kwantena ta fito ranar Alhamis. Ana ɗaure ta a kan tirela na tuna da saƙon Baba, na bar Kawu yana ciniki da direba, na bi katanga da tambaya har na sami inda dogo ya ratsa titi ya shige cikin tashar ta ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya ce daga nan ba gaba. Na tsuguna na ɗauki hoto uku, na huɗun ya ɗaga mini hannu.

Na iso Kaduna ranar Asabar da hantsi, ko wanka ban yi ba na wuce wurin Baba. Yana zaure a kan buzunsa, rediyo na gefe. Na gaishe shi, na ba shi labarin duwatsun Abekuta da na takalmin Kawu, ya yi dariya har da tari. Labarin Badagry kuwa shiru ya yi, ya ce kakarsa ta sha faɗin wani ƙaninta da aka ɗauke a gona ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Daga nan na miƙa masa waya. Ya sa tabarau, ya ce in ƙara masa girman hoton, na ƙara. Ya daɗe yana dubawa, yana auna tsakanin ƙarafan biyu da ɗan yatsa.

"Wannan ai sabon ne," in ji shi. "Ba ka ga faɗinsa ba? Ga shi kuma a kan kankare aka ɗora shi. Namu ƙafa uku ne da inci shida."

Na ce, "Baba, shi kaɗai na gani."

Ya miƙo mini wayar, ya jawo rediyonsa. "Yana nan. Ba ka dai duba da kyau ba. Yaushe kawun naka zai sake yin oda?"